Layin Biro a Hannun Anti Tela

Zuwa ga Gwaggo Nas,

Assalamu alaikum.

Gwaggo, ki yi haƙuri da karambanin da na yi na rubuto miki, alhali ba ki san ni sosai ba. Na yaga takardu da yawa kafin na bar wannan ta tafi. Ni ce autar ɗan'uwanki mai gyaran agogo, ɗan wan babanki. Kin taɓa ganina lokacin da kika zo duba Kaka. Ni ce yarinyar da ta ɓuya bayan labule ta ƙi fitowa, saboda an ce kin zo da allura a jaka. Yanzu na kusa gama sakandare, amma Umma ta ce tsawo kawai na ƙara, kunyar tana nan.

Ina fata kina lafiya, da aiki, da mutanen gida. Mu ma lafiya lau. Gwiwar Kaka ta yi sauƙi, sai dai har yanzu tana ɓoye ƙwayar maganinta a ƙarƙashin matashi ta ce ta sha. Baba yana nan da tarinsa na safe. Umma tana gaishe ki. Gaskiya ba ta san na rubuto ba tukuna, amma na tabbata da ta sani da ta gaishe ki.

Ga abin da ya sa na rubuto. A ɗakin bayan gidanmu akwai wata mata da ke haya, muna ce mata Anti Tela. Daga wata ƙasa ta zo, da keken ɗinkinta da akwati ɗaya. Ita ke ɗinka mini kayan makaranta, kuma kullum takan bar ɗan ƙari a cikin ɗinkin, wai don yara ba sa neman izini kafin su girma. Mace ce mai raha. Ta iya maganarmu sarai, sai in ta yi fushi da zare ne take komawa tata.

Kwanakin baya allurar keke ta shige mata babban yatsan hannun dama. Ta zare, ta ɗaure da ƙyalle, ta ci gaba da aiki. Yanzu yatsan ya kumbura yana sheƙi, in ka taɓa shi zafi rau. Ko almakashi ba ta iya riƙewa. Sabuwar rigata ta makaranta tana rataye a ƙusa da hannu ɗaya, amma ba don rigar nake damuwa ba. Da wannan yatsan take ci take sha, ba ta da kowa a nan.

Ta ƙi zuwa asibiti, domin ba ta da takardar zama a ƙasar nan. Ta taɓa zuwa asibitin unguwarmu da zazzaɓi. Mai ba da kati ya ɗaga murya a gaban jama'a ya ce, “Ina takardar shaidarki?” Wata nas da ke wucewa ta yi tsaki ta ce, “Ire-irenku ne ke ƙarar mana da magani.” Sai Anti ta ce za ta zaga bayan gida, ta bi ta ƙofar baya ta gudu, har ta bar laimarta a kan benci. Tun daga ranar ko titin asibitin ba ta bi.

Gwaggo, da gaske ne ku ma'aikatan lafiya kuna kiran hukuma idan marar takarda ya zo? Ki gafarce ni da na ce “ku”. Ban san wanda zan tambaya ba sai ke. Ban kira ki ba saboda wayar Baba in ana magana har maƙwabta suna ji, kuma Anti ta roƙe ni kada maganar ta fita. Zan ba Kawu Direba wasiƙar, tunda yana bi ta garinku.

'Yarki,
Auta

*

'Yata ta bayan labule,

Wa'alaikumus salam. A tsaye na karanta wasiƙarki, a tsaye kuma nake ba ki amsa, Kawunki yana waje yana danna mini ham. Lafiyata lau, ban da ƙafafu. Ki gaishe da Babanki da Ummanki. Ki ce wa Kaka na san inda take ajiye maganin, in na zo matashin zan fara ɗagawa.

Wallahi kuna da ban haushi! Yatsa ya kumbura har yana sheƙi, kuna zaune kuna kallonsa kamar kayan ado? Ki kai ta asibiti yau. Kada kowa ya huda shi, kada a shafa masa komai.

Tambayarki kuwa, ba zan yi miki ƙarya ba. A cikinmu akwai masu mugun baki. Ko a ɗakin da muke shan shayi muna wannan gardamar. Wata ta ce gadaje ba sa isar 'yan ƙasa balle baƙi. Wata ta ce tsoro take ji kada shugabanni su tuhume ta. Wani ya ce shi ciwo aka koya masa dubawa, ba takarda ba. Wani lokaci har shayin ya huce ba mu gama ba. Yawanci gajiya ce ke magana, wani lokaci kuma rashin tarbiyya ne tsagwaronsa. Amma tun da na sa farar riga ban taɓa ganin nas ta bar ciwo a buɗe ta tafi neman lambar hukuma ba. Ban san yadda asibitinku yake ba, don haka ba zan rantse miki a kansa ba. Abin da zan rantse shi ne yatsan ba zai jira ba.

In kun je, kada ku tsaya jayayya da mai kati. Ku wuce kai tsaye ɗakin wankin ciwo, ki kwance ƙyallen, ki sa hannun a gaban idon nas kafin kowa ya buɗe baki. Muna iya yi wa mutum tsawa, amma in mun riga mun ga ciwo, da wuya mu iya kau da kai.

In ta kafe ta ƙi, ki ɗauki biro ki zagaye kumburin daidai inda ya tsaya. Haka muke yi a nan don mu san ko ciwo yana tafiya. Ki sa ta yi alkawari: ranar da ya tsallake layin, ko zazzaɓi ya zo, gardama ta ƙare. Ki sani layin ba magani ba ne, dabarar jawo ta ce kawai.

Ki rubuto mini da gaggawa.

Gwaggonki

*

Zuwa ga Gwaggo Nas,

Assalamu alaikum. Ina fata ƙafafun sun yi sauƙi. Kowa a gida lafiya. Na isar da saƙonki ga Kaka, ta ce ke ma kina ƙarama sai an danne ki ake ba ki magani. Ta mayar da ƙwayoyin cikin gwangwanin maɓallai.

Ki yi haƙuri da rubutun fensir. Birona ya ɓace, na duba ko'ina ban gan shi ba.

Na karanta wurin da kika ce muna da ban haushi, na maimaita shi har na haddace. Na gane na ɓata miki rai, wataƙila da tambayar da na yi a kan ma'aikatan lafiya. Ba don raini na yi ba. In na ba ki wannan labarin ba zan ƙara damun ki ba.

Na karanta wa Anti Tela wasiƙarki, ban da wancan wurin. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, “Gwaggonki mai gaskiya ce. Ita da kanta ta ce ba za ta rantse ba. To ni zan rantse mata?” Na roƙe ta, na roƙe ta, ta ce in sun kama ta wa zai ba keken mai. Amma maganar layin ta burge ta ƙwarai. Ta miƙo hannun tana dariya ta ce, “Ashe su ma teloli ne. Sai sun sa alama kafin su yanka.” Na ce, “Anti, don Allah ki daina ambaton yanka.” Na zagaye kumburin a gindin yatsan, layin ya fito a karkace. Ta yi alkawari a gaban Umma, domin na gaya wa Umma komai.

Yanzu ga albishir. Kumburin bai tsallake layin ba ko kaɗan! Kullum da safe kafin in tafi makaranta sai na duba, kullum yana ciki. Abin mamaki ma, layin bai goge ba duk da wanka da gumi. Har ya fi kyau a kan yadda na zana shi, ya zagaya sumul kamar wuyan riga. Ina ganin biron nan nagari ne, shi ya sa ɓatansa ya dame ni.

Sai dai ta cire awarwaronta, ta ce ya gundure ta. Tana kuma lulluɓa da bargo da rana, ta ce ɗakin ne ke da sanyi. Amma tana wasa da dariya kamar kullum. Jiya ta sa ni na taka mata keke tana juya yadin da hannun hagu, muka ɗinke aljihun wani mutum ruf, ba ta inda hannu zai shiga.

Na gode da dabarar da kika koya mini. Allah ya saka da alheri.

'Yarki,
Auta

*

Auta,

Gaisuwa daga baya. Ki ajiye takardar nan ki je ki duba hannun matar nan yanzu.

Layin biro a fatar mai gumi ba ya kwana da yawa, mu nan kullum sai mun sake bin sa. Layin da ya ƙi gogewa, ya ƙara kyau da kansa, a gidan da biro ya ɓace? Kin ce a yatsa kika zana shi. Yanzu ina yake? Me ya sa awarwaro ya gundure ta? Bargo da rana kuma zazzaɓi ne, ko ɗakin nata cikin firji yake?

Ki gaya wa Ummanki in ji ni, ko ɗaukar ta za ku yi ku ɗauke ta.

Gwaggonki

*

'Yata,

Assalamu alaikum. Shiru ya yi yawa. Kawunki bai biyo ba, na kira wayar Babanki tana ta ringi ba a ɗauka, na san tana cikin aljihun rigar da ya rataye. Da an ba ni hutu da kin gan ni a ƙofarku. Abokan aikina sun gaji da jin labarin yatsan matar da ba su taɓa gani ba. Har wadda ta fi kowa cewa gadaje ba sa isa, yau da safe ita ta fara tambaya ta, “Telar nan taku fa?”

Na sake karanta wasiƙarki, sai yanzu na lura da inda kika ce ba za ki ƙara damu na ba. Haba 'yata! Ban yi fushi da ke ba. Mu haka bakinmu yake, in muka tsorata sai mu yi faɗa. Tambayarki ma daidai ce, da ma a riƙa yi mana ita.

Wannan zan ba wani direban da ya san tashar Kawunki. Ki rubuto ko layi ɗaya ne.

Gwaggonki

*

Zuwa ga Gwaggo Nas,

Assalamu alaikum. Kafin gaisuwa, tunda ke kika koya mini: yatsan yana nan, kuma yana motsi.

Yanzu ina gaishe ki, ina fata kina lafiya. Mu ma lafiya. Kaka ta fara shan maganinta, domin Anti Tela ta ce ba za ta sha nata ba sai Kaka ta sha, yanzu kowace tana gadin 'yar'uwarta. Baba ya ce a ba ki haƙuri game da waya, a cikin rigar take kamar yadda kika ce.

Wasiƙunki biyu tare suka iso jiya, suna warin baƙin mai. Motar Kawu ce ta lalace, ta farkon ta yi ta kwana a wurin makaniki. Da na karanta sai kunya ta kama ni, domin daga can kin ga abin da ni da nake dubawa kullum ban gani ba.

Ga yadda aka yi. Wata safiya na fito da wuri, saboda ajinmu ne ke da shara. Na tura ƙofar Anti ban yi sallama da ƙarfi ba. Na same ta zaune a bakin gado, ta ɗora hannun a kan gwiwa, ta kafa lanƙwasasshen katakon da take fitar da wuyan riga da shi, tana bi da birona a hannun hagu, har da ɗan fito da harshe. Layin ya riga ya wuce wuyan hannu.

Na ce, “Anti!”

Ta ɗago a hankali ta ce, “Ɗan ƙara masa na yi. Ya matse.”

Na ce, “Ai ba riga ba ce!”

Ta ce, “Na yi alkawari ba zai tsallake layi ba. Kin ga ya tsallake?”

Gwaggo, ban san lokacin da na fara faɗa ba. Ni da malamai ke cewa in ɗaga murya ba sa ji, sai ga Umma ta shigo a guje da ludayi a hannu, ta zaci ɓarawo ne. Na ce wa Anti in aka yanke yatsan, takardar da take tsoro ba za ta taka mata keke ba. Ina faɗa ina kuka. Anti ta juya tana kallon rigata mai hannu ɗaya a jikin ƙusa. Umma ta taɓa goshin Anti, ta ce, “Ɗauko mayafinki.” Anti ta ce, “In suka tafi da ni, keken na Auta ne.” Umma ta ce, “Ba ta iya ba, sai ki dawo ki koya mata.”

Muka sa ta a tsakiya har asibiti. Mai kati yana ganinmu ya miƙo hannu, ni kuwa na sunkuyar da kai na ja su muka wuce. Yana ta kira, “Ke 'yar makaranta! Ke!” Ban waiga ba. Na tura ƙofar ɗakin wankin ciwo, sai na ji Anti ta ƙanƙame mini hannu. Nas ɗin da ke ciki ita ce mai tsakin nan ta ranar farko.

Na kwance ƙyallen da sauri na ɗora hannun a kan tebur. Nas ɗin ta buɗe baki za ta yi magana, sai idonta ya sauka a kansa. Ta jawo fitila. Tsofaffin layukan duk suna nan dishi-dishi, wani bayan wani.

Ta ce, “Wa ya koya muku zagaye ciwo?”

Na ce, “Gwaggona nas ce.”

Ta nuna na can ciki, karkataccen, ta ce, “Wannan naki ne. Waɗannan kyawawan fa?”

Umma ta ce a hankali, “Tela ce.”

Nas ɗin ta yi tsaki mai tsawo, sannan dariya ta ƙwace mata har ta dafa tebur. Ta leƙa waje ta ce a kira likita maza, ta kuma kira wata nas ta ce, “Zo ki ga marar lafiyar da ke yi wa ciwonta ƙari.”

Suka yi mata allurar kashe zafi, likita ya buɗe yatsan, ya ciro ɗan tsinin allurar keken da ya karye a ciki. Ya ce da an ƙara jinkiri da ba yatsa kaɗai za a yi magana ba. Ana cikin haka mai kati ya leƙo ya ce ba a nuna masa takarda ba. Nas ɗin ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, “Rubuta sunanta ka tafi, ba ka ga hannuna a cikin aiki ba?” Ɗayar nas ɗin ta ce ƙasa-ƙasa ita fa ba ta son a zo ana yi musu tambayoyi. Mai tsakin ta ce mata, “In an tambaya ki ce ni ce.”

Kada ki zaci ta daina mita. Tana naɗa bandeji tana cewa, “Da kin tsaya wancan karon da kin san hanya. Yanzu ga shi kin cinye mana bandeji, kin cinye mana safiya. Ku dai ba ku da dama.” Amma hannunta a hankali yake tafiya, har tana tambaya, “Da zafi?” Da ta gama ta miƙa hannu bayan kabad, ta zaro laima ta dangwara wa Anti a cinya. Ta ce, “Tun ranar take tare mini wuri. Na bi ki har bakin titi, kina gudu kamar an ce ga kura.” Ba ta ba da haƙuri ba. Ta ce kullum a zo wankin ciwo, kuma in Anti ta sake taɓa biro ita da kanta za ta kira hukuma, ta ce an kama mai jabun layi. Anti ta firgita, sai da ta ga tana dariya.

Har yanzu na rasa inda zan ajiye matar nan a raina. Maganar da ta faɗa ranar farko ita ta kusa raba Anti da hannunta, kuma ita ce ta ajiye laimar. Na tambayi Anti, ta ce ita dai ta lura aljihun farar rigar nas ɗin ya yage, kuma wanda ya ɗinka shi bai san aikinsa ba. Ranar da aka cire bandeji ta tafi da zare da allura a jaka.

Takardar zama har yanzu babu, Anti kuma tana sauya hanya in ta hango masu kaki. Amma titin asibiti yanzu tana bin sa da laimarta a buɗe. Ta sa wa rigata hannu na biyu. Ya ɗan fi na farko tsawo saboda yatsan bai gama sakewa ba, ta ce in kawo ta gyara, na ƙi. Ta kuma ɗinka mini ɗan siririn aljihu a ƙirji, daidai biro, ta mayar mini da shi da hannunta. Da shi nake rubuta wannan.

Gwaggo, na gane maganar faɗan da kika yi, tunda ni ma da na tsorata abin da na yi ke nan. Umma ta ce jinin ne. Ina da wata tambaya game da makarantar da ake koyon aikinku, amma kunya ta hana ni sa ta a nan, kuma takardar ta cika. In ba zan takura miki ba, kin yarda in sake rubuto miki?

'Yarki,
Auta